Mun Tsare Wasa, Mun Bar Huhu

Daren wata Asabar cikin hunturun da ya wuce na kai wa waɗansu abokaina ziyara a ɗakin da suke haya a Gida Dubu. Na tarar da samari shida cikin ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma saboda sanyi da ƙura. Huɗu daga cikinsu sun duƙufa a kan wayoyinsu suna wasan harbin nan da ake kira PUBG, ko sallamata da ƙyar suka amsa. Ban daɗe da zama ba sai ɗayansu ya yi wurgi da waya a kan katifa, ya miƙe tsaye yana rantsuwa cewa an yi masa maguɗi, wai yana ɓoye a bayan bango aka harbe shi, kuma ba mahalukin da zai iya ganinsa a wurin sai mai ha'inci. Nan take gardama ta kaure. Aka yi ta kawo hujja ana rushewa, aka sake duba yadda aka kashe shi har sau uku, aka kai ƙarar wanda ake zargi wurin masu wasan. Duk tsawon wannan shari'a kuwa tukunyar shisha tana tsakar ɗaki, bututunta yana zagayawa daga baki zuwa baki, hayaƙi mai ƙamshin tuffa da na'ana'a ya cika ko'ina har idona yana yaji. Ba wanda ya tambayi abin da aka zuba a cikinta, ko wanda ya haɗa shi, ko inda aka yi shi.

Tun daga wannan dare abin yake damuna. Mu ɗalibai muna da basirar tuhuma, muna kuwa alfahari da ita, amma ina ganin mun ajiye ta a inda hasarar ba ta taka kara ta karya ba, mun ɗauke ta daga inda rai yake.

Kada a ce na raina kukan abokina. Maguɗi a wasannin harbi na intanet gaskiya ne, kuma sana'a ce mai kawo kuɗi. Akwai manhajar da ke saita wa mutum bindiga a kan abokin gaba ba tare da ya wahala ba, akwai wadda ke nuna masa mutane ta bayan bango kamar an yi ginin da gilashi. Cikin watan Maris 2021 'yan sandan birnin Kunshan na ƙasar Sin, tare da kamfanin Tencent, suka kama wani gungu da ke sayar da irin waɗannan manhajoji, aka ce cinikin da suka yi ya kai dala miliyan 76. Kafin wannan, cikin 2018, an kama wani ɗan wasan Indiya mai suna Nikhil Kumawat a tsakiyar gasar Counter-Strike a Shanghai, ya ɓoye manhajar maguɗi a kwamfutarsa ya laƙaba mata sunan manhajar rubutu. Alƙalan gasa na tsaye a kansa yana ƙoƙarin gogewa. Aka kore shi daga gasa na shekara biyar, ƙungiyarsa kuma ta watse.

Amma fa ba duk wanda ya kashe ka a wasa ne maha'inci ba, kuma mu da ke wasa daga Dutse ya kamata mu fi kowa sanin haka. Duk motsin da ka yi a wayarka sai ya tafi wata babbar kwamfuta mai nisa wadda ke haɗa 'yan wasa, sa'an nan ya dawo. In layinka yana da nauyi, ko da jinkirin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kai kana ganin ka riga ka shige bayan bango, alhali a wayar abokin karawarka har yanzu kana fili. Ya harbi abin da ya gani, kwamfutar ta ba shi gaskiya. Ga kuma gwanin da ya sa abin ji a kunne yana sauraron takun sawunka, ya san inda kake tun kafin ka leƙo. Saboda haka zargi ya fi maguɗin kansa yawa. In ma zargin ya tabbata, me ka rasa? Wasa ɗaya da 'yar data. Gobe za a sake sauke ka daga jirgi da sabon rai, wanda ya cuce ka kuwa wataƙila an rufe masa asusu.

To, bari in juya ga hayaƙin da ba wanda ya tuhuma.

Akwai wani sinadari da ake kira dayasetil. Ba baƙo ba ne a gare mu, domin shi ne ke ba man shanu da nono ɗan ƙamshin nan nasu, kuma tun kakanni ana cin sa ba abin da ya faru. Masana'antu suka koyi haɗa shi da yawa suna zubawa a kayan ƙamshin abinci, watau abin da matanmu ke kira filebo, musamman mai ƙamshin bota. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin jerin abubuwan da ba su da illa in an ci. Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai faru in an shaƙe shi kullum.

Amsar ta fito ne daga wani ƙaramin gari mai suna Jasper a jihar Missouri. Cikin shekara ta 2000 wani likita ya sanar da hukumar lafiya ta jihar cewa mutum takwas da suka yi aiki a wata masana'antar gugguru ta garin sun kamu da wata cutar huhu wadda ba a cika gani ba. Waɗansunsu aikinsu shi ne dama mai da gishiri da filebo a manyan tukwane masu zafi, suna buɗe murfi tururi yana bugun fuskarsu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta shiga masana'antar ta binciki lafiyar ma'aikata 117. Sakamakon da aka buga cikin 2002 ya nuna toshewar hanyar iska a tsakaninsu ta ninka abin da aka saba gani fiye da sau uku, a cikin waɗanda ba su taɓa shan taba ba kuwa fiye da sau goma. Gwargwadon yawan tururin da mutum ya shaƙa, gwargwadon lalacewar numfashinsa. Daga nan cutar ta sami laƙabin huhun gugguru.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin yake aukuwa, domin a nan ne duk maganar take. Maƙogwaron iska yana rabuwa biyu a ƙirji, kowane reshe ya sake rabuwa, haka har fiye da sau ashirin, kamar rassan itace, har a kai ga 'yan bututu sirara kamar zare waɗanda ke kai iska ga ƙananan jakunkunan da jini ke karɓar ta. Tururin dayasetil yana ƙona fatar cikin waɗannan bututu. Jiki ya zo gyara, sai ya yi tabo, tabon kuwa ya ƙuntata bututun ko ya toshe shi ɗungum. Tabo a hannu abin kallo ne kawai, amma tabo a wannan wuri ba ya buɗewa har abada. Magani yana iya rage gudun cutar, ba ya mayar da abin da ya tafi, shi ya sa aka sa waɗansu daga ma'aikatan Jasper cikin jerin masu jiran dashen huhu. Abin da ya ƙara muni shi ne cutar tana shigowa a hankali, da busasshen tari da haki in an hau tudu, har a yi ta ba mutum maganin asma wata da watanni ba a gane ba.

Ciki da huhu ba ɗaya ba ne. Abin da ka haɗiye zai gamu da ruwan tsamin ciki, ya bi ta hanji, ya je hanta ta tace shi. Allah ya yi wa wannan hanya masu gadi da yawa. Abin da ka shaƙa kuwa tsakaninsa da jininka wata fata ce wadda ta fi takardar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Don haka kalmar "na abinci ne" da mai sayarwa zai faɗa maka gaskiya ce game da cikinka, ba ta ce kome ba game da ƙirjinka.

Shari'o'i suka biyo baya. Cikin 2004 kotu ta ba wani ma'aikacin Jasper, Eric Peoples, diyyar dala miliyan 20. Cikin 2007 aka sami cutar a jikin wani mutumin Colorado, Wayne Watson, wanda ba ma'aikaci ba ne, mai saye ne kawai da ya shekara goma yana cin gugguru kamar jaka biyu kullum yana shaƙar tururinta in ya buɗe. A wannan shekara manyan kamfanonin gugguru na Amurka suka ce sun daina sa dayasetil. Abin dariya, abin takaici: sinadarin da waɗansu suka maye gurbinsa da shi ɗan'uwansa ne na jini, da aka gwada shi a kan ɓeraye sai ya yi musu irin ɓarnar. Cikin 2016 NIOSH ta ba da shawarar kada dayasetil a iskar wurin aiki ya wuce kashi 5 cikin biliyan. A duba ƙanƙantar wannan adadi.

Da a ce maganar ta tsaya a masana'antun Amurka da ban ɓata takardar mujallarmu ba. Abin da ya kawo ta ƙofarmu shi ne an ɗauko kayan ƙamshin da aka yi domin baki an mayar da su abin zuƙa da gangan. Cikin 2015 masu bincike na Jami'ar Harvard suka gwada ruwan sigarin lantarki iri 51 masu ƙamshin alawa da 'ya'yan itace, suka sami dayasetil a cikin 39. Cikin 2016 Ingila ta hana sa shi a irin wannan ruwa. Waɗannan 'yan sandunan masu launi da ake caji kamar waya sun riga sun iso hannun ɗalibai, maza da mata, ana ɓoye su a aljihu da jaka domin ba sa barin warin taba a tufa.

A nan dole in yi adalci, tun da na zargi abokina da yanke hukunci ba hujja. Hayaƙin taba sigari na yau da kullum yana ɗauke da dayasetil fiye da sigarin lantarki sau da yawa, kuma ba a sami tarin masu huhun gugguru a cikin masu zuƙar na lantarki ba. Abin da ya fi kusa shi ne labarin wani yaro ɗan shekara 17 a Kanada da likitoci suka buga cikin 2019, wanda ya kusa rasa ransa da ciwo mai kama da wannan bayan watanni yana zuƙa. Wanda ya ce maka duk mai zuƙa zai kamu da huhun gugguru ya yi ƙari. Sai dai a wannan shekara ta 2019 wata annoba ta ɓarke a Amurka wadda ta sake karanta mana darasin Jasper. Waɗansu masu haɗa ruwan zuƙa na wiwi a ɓoye suka riƙa cakuɗa shi da wani nau'in man bitamin E domin ya yi kauri. Bitamin E ana haɗiyarsa, ana shafa shi a fata, kowa ya san shi da alheri. Da ya shiga huhu, zuwa watan Fabrairu 2020 an ƙidaya mutum 2,807 da ciwon ya kayar, 68 sun mutu, akasarin waɗanda suka kamu kuwa matasa ne.

Ita shisha, wadda ta fi yaɗuwa a nan, tabar da ake sa mata haɗi ne na ganyen taba da maɗi da gilisarin da kayan ƙamshi. Lula tsohuwar aba ce a ƙasashen Larabawa da Indiya, ta dattawa ce, tana kuma neman mutuwa, sai wannan haɗi mai zaƙi ya fito daga Masar a farkon shekarun 1990 ya farfaɗo da ita a tsakanin matasan duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cikin 2005 cewa a zama ɗaya mai shan shisha yana iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye, kuma ruwan da ke gindin tukunyar ba ya tace gubar, sanyaya hayaƙin kawai yake yi. Ga gawayin da ke ci a sama yana fitar da iskar nan mai kisa wadda ke fita daga janareta. Ga bakin bututu ɗaya ga mutum shida, a ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba.

Ga inda nake ganin maguɗi na ainihi yake. Yaron da ya fara zuƙar taba tsurarta zai ƙware, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa. Wannan tari gargaɗi ne, jiki ne yake cewa a fitar da wannan abu. Aikin tuffa da na'ana'a da ruwan sanyi shi ne su kashe gargaɗin, su sa maƙogwaro ya karɓi abin da da ya ƙi, a zuƙa da zurfi, a daɗe ana zuƙa. Mai maguɗi a wasa yana ganin ka ta bayan bango. Wannan shi bango yake ginawa tsakaninka da abin da ke shiga jikinka, kuma da kuɗinka ka saya.

Wani zai ce ai akwai hukuma, in abu yana da illa ba za a bar shi a kasuwa ba. Mu da ke maƙwabtaka da Kano bai kamata mu faɗi haka ba. Cikin watan Maris 2021 mutane suka yi ta zuwa asibitocin Kano da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano. Ɗaruruwa suka kwanta, waɗansu suka rasu. Binciken NAFDAC ya gano an sayar da wani sinadarin masana'antu mai guba a matsayin ɗan tsami. Wannan ta baki ya shiga, ba ta hanci ba, amma ya nuna yadda kayan haɗi ke yawo a kasuwanninmu: a buɗe buhu ko jarka, a ƙulla a leda ko a ɗura a kwalbar da ba ta da suna, ya bi hannu biyar kafin ya iso ga mai amfani. Ni da idona na ga ana auna filebo da sirinji ana zubawa a tsohuwar kwalbar magani. Wa zai gaya maka abin da ke ciki? Mai kantin ma bai sani ba.

Doka kam akwai ta. Akwai dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa ta 2015, kuma cikin watan Yuni 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya ce an haramta taba mai ƙamshi, ya ambaci shisha da suna. Tanzaniya ta hana shisha cikin 2016, Ruwanda da Kenya cikin 2017, Mali cikin 2022. Duk da haka tukunyar da na gani a Gida Dubu ba daga sama ta faɗo ba. Ni a ganina kame da fasa tukwane kaɗai ba abin da suke yi illa su kori abin daga fili zuwa ɗakin da aka toshe tagarsa, inda hayaƙin ya fi illa. Ɗalibin da aka tsorata zai ɓuya. Wanda aka nuna wa yadda bututun huhunsa yake, aka bar shi da hankalinsa, shi ne ake sa ran zai ajiye.

Akwai kuma mutanen da ban ji ana maganarsu ba ko kaɗan, su ne kuwa suka fi kama da ma'aikatan Jasper. Ina nufin yaron da ke tsaye kan injin gugguru tun la'asar har dare, da ma'aikacin gidan burodi, da mai dafa alawa, da 'yan'uwanmu mata ɗalibai da ke toya kek da cincin a ɗaki suna sayarwa domin su biya kuɗin makaranta. Ba ina cewa su bar sana'arsu ba, ba kuma ina cewa a daina cin gugguru ba. Wanda ya ɗiga filebo a kunun aya ranar salla ba shi da abin tsoro. Haɗarin yana wurin da abu uku suka haɗu, watau zafi da rufaffen wuri da maimaitawa kullum. Mai irin wannan aiki ya yi shi inda iska ke ratsawa, ya rufe kwalba da tukunya, ya daina kai hanci kan tururi don ya ji ko ƙamshi ya kama, ya zuba filebo bayan abu ya huce in girkin ya yarda. Ya kuma sani takunkumin takarda ko na ƙyalle ƙura yake tarewa, tururin sinadari ratsa shi yake yi. In ya ga tari ya ƙi ƙarewa, ko hawa tudun Garu da yake yi a guje a da ya fara sa shi tsayawa hutu, ko maganin asma ya ƙi aiki, to ya je asibiti ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi. Akwai gwajin da ake hura iska cikin na'ura a auna ƙarfin numfashi, shi ne kuma ya tona asirin masana'antar Jasper. Muna da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a cikin garin nan, ba sai an je Kano ba kafin a ga likita. Kada kuma a manta huhun mutumin Dutse ya riga ya ɗauki kaya: ƙurar hunturu wata uku, ƙurar masu fasa dutse, hayaƙin itacen girki da na janareta.

Ku 'yan'uwa da kuka riga mu kammalawa kuka kama aikin gwamnati, musamman duba-gari da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi, wannan aiki a hannunku yake. In kun shiga gidan burodi kuna duba tsabtar ƙasa da ruwa da farcen ma'aikata, wanda duk domin mai ci ne. Ku ɗaga kai ku duba taga, ku tambayi wanda ke dama kayan haɗi ko yana tari.

Ita kuwa Ƙungiyar Ɗalibai ina roƙonta abu biyu, ba kuwa masu tsada ba ne. Na farko, ta gayyaci malamanmu na kimiyyar sinadarai da likitocin ƙirji su yi mana lacca a fili, a zo da kwalbar filebo da fakitin tabar shisha da sandar sigarin lantarki a ajiye a kan tebur, a karanta abin da aka rubuta a jikinsu da abin da aka ƙi rubutawa, a gayyato masu gugguru da masu toye-toye na bakin makaranta su zauna a sahun gaba. Na biyu, tun da wasan harbi ya riga ya zauna da gindinsa, ta shirya gasarsa a babban ɗakin taro, kowa da wayarsa a kan tebur, layi ɗaya ga kowa, alƙali na zagayawa yana duba wayoyi kafin a fara. A nan abokina zai gane ko maguɗi ake yi masa ko kuwa hannunsa ne bai kai ba. A buɗe tagogin ɗakin duka, kuma kada a bar kowa ya shigo da tukunya.